Ɗigo-ɗigo a Hawa na Huɗu

Ɗan aike ya hawo da akwatin farin soso,
dusar ƙanƙara na narkewa a kafaɗarsa.
Na sa hannu a takarda, na kashe fitilun falo.
Jagoda ta ce, "Kaka, don me?"
Na ce wanda ya kwana biyu cikin duhu
ba a tarbarsa da haske.

Ga shi nan a leda, cikin ruwan da bai cika kofi uku ba,
rawaya kamar kwaiduwa,
tsawonsa bai kai babban yatsana ba.
Daga tekun Bali, in ji takarda,
ta Frankfurt, ta Warsaw, sannan Gdansk.
Ni da na yi shekara talatin da ɗaya ina walda a cikin jiragen ruwa
ban yi rabin tafiyarsa ba.

Na ɗora ledar bisa ruwa
har zafinsu ya zama ɗaya.
Na juye shi a bokiti, na ƙulla siririn tiyo,
na zuƙa, gishiri ya cika mini baki.
Ɗis.
Ɗis.
Ruwan gidana na gaishe da ruwan garinsu,
gaisuwar da ba ta ƙarewa ƙasa da sa'a guda.
Jagoda ta ƙirga ɗari biyu da sha, ta gaji,
ta je ta manna goshi a babban tanki,
inda murjani ke lilo, inda tsofaffin 'yan gida ke shawagi.
"Can za ka sa shi?"

A'a.

Ba ta san shekarar da sauri ya haifar mini da nawa ba.
Baƙo ɗaya na saki ranar Asabar, lafiya lau a ido,
kafin wata Asabar na kwashe gawa tara da cokali.
Halina na raye a lokacin.
Ba ta ce ai na faɗa maka ba,
tsohuwar jarida kawai ta miƙo mini,
ta koma ta ci gaba da fere dankali.
Har yau na fi jin wannan shirun
fiye da duk faɗan da muka taɓa yi.

Don haka masaukinsa na ɗakin girki, gefen taga:
ƙaramin tanki, ba yashi, ba dutse,
sai guntun bututun roba biyu na ɓuya.
Komarsa daban, bokitinsa daban,
hannuna ma sai na wanke kafin in tsallaka falo.
Mako huɗu.
Jagoda ta ce kurkuku ne.
Na ce kifi a ruwa sarki ne,
amma ba a kowane ruwa ba, ba kuma ran farko ba.

Kwana uku bai fito ba.
Na bar masa abinci, na dawo na tsame abinci.
Da asuba, kafin jirgin titi na farko ya girgiza gilashi,
nakan zauna da shayi ina kallon bakin bututu
kamar mai jinya a ƙofar ɗakin asibiti.

Ran na tara na gan su:
farare uku a fiffikensa, ƙanana kamar ƙwayar gishiri,
yana goga jiki da bango.
Na auna maganin tagulla, hannuna na rawa,
na je na tsaga kalandar da yarinyar ke yi wa zane.
Ƙidaya ta koma farko.
Ta yi kuka, ta ce ba ta ƙara zuwa.
Ta zo ran Laraba da sabon fensir.

Yau fiffiken ya washe.
Ya fito har tsakiyar ruwa, ya tsaya,
ya dube ni da ido ɗaya, ya juya ya dube ni da ɗayan,
ya cafke ɗan jatan lande, ya tofar, ya sake cafkewa.
Shayina ya huce.
Sauran kwana sha ɗaya, in ba wani abu ya sake ɓullowa ba.
Ban kira Jagoda ba tukuna.
Ko motsi ban yi ba.